Me ya sa haƙoran tumakina suke cinyewa tun ba su tsufa ba?

Wani mai kiwo daga kudancin jihar Gombe ne ya aiko da tambayar. Yana da tumaki da awaki kusan 40, wasu nasa wasu na maiɗakinsa. Shekara biyar ke nan suna shan ruwan rijiyar burtsatse da aka haƙa musu a unguwa. Waɗanda aka haifa daga lokacin zuwa yau haƙoransu na fitowa da dabbare-dabbare ruwan ƙasa, suna gutsurewa, kafin tunkiya ta cika shekara huɗu bakinta ya koma na tsohuwa. Da rani suna ramewa fiye da na maƙwabtan ƙauyuka, wasu suna ɗingishi alhali kofatonsu ƙalau. Tsofaffin da ya taso da su kuwa haƙoransu farare. Ya yi allurai ya yi maganin tsutsa, babu canji. Yana son ya san wace cuta ce, ko tana yaɗuwa, ko tana da magani, ko kuma ya sayar da su ya huta.

Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Ban ga dabbobin da idona ba, amma akwai magana ɗaya a cikin bayaninka da ta fi duk sauran nauyi a wurina: tsofaffin lafiya lau, waɗanda aka haifa bayan zuwan rijiyar ne kawai abin ya shafa. Ƙwayar cuta ba ta zaɓen dabba da shekarar haihuwa. Abin da ke yin haka shi ne wani abu da dabba ke ci ko sha a daidai lokacin da haƙoranta ke ginuwa a cikin muƙamuƙi. Ga kuma yankin da kake. Saboda haka zargina na farko shi ne gubar fulorayid, irin wadda ke taruwa a jiki sannu a hankali. Ba ta yaɗuwa daga dabba zuwa dabba, don haka raba su ba zai amfane ka da komai ba, allura ma haka.

Fulorayid sinadari ne da ke cikin wasu duwatsu, musamman irin manyan duwatsun nan masu tauri da ke yankin Kaltungo da Billiri, da Langtang a jihar Filato. Ruwan da ya daɗe kwance a ƙarƙashin ƙasa yana gugar dutsen yakan narkar da shi ya kwaso. Shi ya sa rijiya mai zurfi ta fi tafki da rafi haɗari ta wannan fuskar, ko da kuwa ruwanta ya fi nasu haske nesa ba kusa ba. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Kai da ke yankin ka san abin da ake kira haƙorin Kaltungo, wannan jan da ke bin haƙoran mutane tun suna yara ba goro ba taba. To abu ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace litar ruwan shan ɗan Adam, ma'aunin Najeriya ma haka yake, kuma an sha auna rijiyoyi a wannan yanki an samu sun haura.

Idan dabba ta sha, fulorayid ɗin na bi ta hanji ya shiga jini. Ƙoda na fitar da wani kaso ta fitsari, saura kuma ya nufi inda sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi yake, wato ƙashi da haƙori, ya maƙale. Haƙorin da ya riga ya fito ya gama ginuwa, ba abin da zai same shi. Wanda ke ciki ana kan gina shi ne ke lalacewa: farin ɓawon da ya kamata ya fito da ƙarfi da sheƙi sai ya fito da taushi kamar alli, cike da ƙananan ramuka, ya riƙa shan launi yana gogewa. Haƙoran nono galibi sukan tsira, domin abin da ke ratsa mahaifa da wanda ke shiga nono kaɗan ne. Shi ya sa ɗan tunkiya zai taso da baki fari tas, mai shi ya saki jiki, sai an zo famfara abin ya bayyana. Tunkiya da akuya na fitar da manyan haƙoran gaba bibbiyu: biyun farko tsakanin shekara 1 da 1 da rabi, na biyu wajen shekara 2, na uku wajen shekara 3, bakin ya cika da takwas wajen shekara 4. Kowane biyu shaida ne a kan ruwan da ta sha watanni kafin fitowarsu. Wanda ya iya karatun baki zai iya gaya maka shekarar da aka canza wa garke ruwa.

Gobe da safe kafin ka sake su, ka kama tunkiya mai shekara uku ka jingina ta da ƙafarka, ka sa babban yatsa ka janye leɓen ƙasa. Ka goge haƙoran da tsumma mai laima tukuna, domin ganye ma na sa baƙi-baƙi wanda ke fita da gogewa. Idan tabon a jikin haƙorin yake, kuma na dama da na hagu sun yi tabo iri ɗaya a wuri ɗaya, layi-layi a kwance, wannan hannun fulorayid ne. Amma kada ka tsaya a nan, don ba haƙoran gaba ne ke kashe dabba ba. Ka shafa kumatunta daga waje ka ji turamen haƙoran da ke ciki. A dabba mai lafiya layinsu a miƙe yake. A mai wannan lalura za ka ji tudu da kwari, wani ya goge har dasashi, wanda ke fuskantarsa ya rasa abin da zai goge shi ya yi tsawo yana sukar nama. Sau da yawa za ka ji dunƙulen ciyawa ya maƙale a kumatu, ga wari. Sai ka tsaya ka kalle ta tana tuƙa: tana yi tana tsayawa, tana karkata kai, dunƙulen tuƙar na faɗowa ƙasa jiƙe da miyau. Idan ka duba inda suka kwana za ka tarar da su birjik. Da sanyin safiya kuma ka lura da ita a bakin kwami, za ta kai baki ta janye, ta riƙa lasar ruwan kamar kare, domin sanyin na taɓa jijiyar haƙorin da ya buɗe.

Daga nan ka bi gefen muƙamuƙin ƙasa da yatsu, ka bi haƙarƙari, ka bi dogon ƙashin ƙafa tsakanin gwiwa da kofato. Idan abin ya yi nisa ƙashi kan yi kauri da ƙullutu masu tauri, ka danna ta zabura. Irin ɗingishin ma daban ne, yau wannan ƙafa gobe waccan, da safe jiki a sandare, wata har ta gwammace ta yi kiwo a durƙushe. In mahauci ya yanka irin wannan, ƙashin ba ya da santsi da sheƙin da aka saba gani, fari fat yake mai kaushi.

Sai dai ina so in ja hankalinka kada ka yanke hukunci da bakina kawai. Tumakin da ke kiwo a gajeriyar ciyawa mai yashi da rani su ma haƙoransu na gogewa da wuri, amma ba tabo, kuma babba da yaro duk yana shafa. Ƙarancin sinadarin fosfaras a ciyawar rani na sa taurin jiki da cin ƙashi da tsumma. Tsutsar ciki da ciwon hanta na kawo rama. Kuma tumaki sun fi shanu da mutane jure fulorayid. A littattafan likitancin dabbobi, ruwa mai miligiram 5 a lita yana sa tabo a haƙori, mai 10 yana sa su gogewa da sauri, sai an kai wajen 30 ake ganin jiki gaba ɗaya ya rushe. Shawarar da ake bayarwa ga ruwan dabbobi ita ce kada ya wuce 2. Amma waɗannan alƙaluma ba sa aiki su kaɗai, yawan shan ma na da hannu. Tunkiya mai kilo 30 da ke shayarwa, tana cin busasshiyar harawa a zafin watan Afrilu, za ta iya shan lita 6 a yini. In ruwan na da miligiram 5 a lita, ta sha 30 ke nan, wato miligiram 1 ga kowane kilo na jikinta, kuma nan ne bakin iyakar abin da ake ganin dabba mai tuƙa za ta ɗauka kullum ba tare da illa ba. Ruwan da ya yini a buɗaɗɗen kwami rana na ƙafar da shi kuwa ƙara kauri yake yi. Wannan shi ne abin da ya faru da tumakin jihar Kwinslan a Ostireliya, inda ake sakin ruwan rijiyoyi masu zurfi a dogayen magudanai: dabbobin da ke sha a ƙarshen magudana sun fi na bakin rijiya shan guba.

Don haka idan an auna ruwanka aka samu 2 ko 3 kawai, alhali haƙoran sun lalace haka, to akwai wata ƙofa da abin ke shigowa. Ka duba gishirin lasa da garin ƙarin sinadarai da kake saya ba suna ba lamba. Ɗanyen dutsen fosfet, wanda ake yin takin zamani da ƙarin sinadaran dabbobi da shi, na ɗauke da fulorayid kashi 3 zuwa 4 cikin 100, kuma wanda aka halatta a sa a abincin dabbobi sai an cire masa shi tukuna. Ka duba ko suna lasar buhunan takin zamani, ko ana zuba musu dusa a ciki ba a wanke ba. Kanwa ma ka haɗa da ita a gwajin, domin irin kanwar da ake haƙa a arewacin Tanzaniya, wadda suke kira magadi, an same ta da fulorayid mai yawan gaske. A Maroko, ƙasar da ta fi kowace arzikin fosfet a duniya, makiyayan yankin Khouribga da Youssoufia sun daɗe da sanin wannan ciwo har suna da sunansa, darmus, kuma a can ƙasa da ƙurar da ke kan ciyawa na da babban kaso a cikinsa. Mafi munin abin da tarihi ya rubuta shi ne na tsibirin Aislan a 1783 zuwa 1784, lokacin da dutsen Laki ya yi aman wuta tokarsa ta rufe makiyaya. Kusan kashi 80 cikin 100 na tumakin ƙasar suka mutu, yunwar da ta biyo baya ta ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen.

Naka ba irin wannan ba ne, kuma a nan ne nake so mu daɗe, domin abin da ya sa ake raina wannan ciwo shi ne ba ya kwantar da gawa. Da annoba ce ta kashe maka tumaki goma a mako ɗaya da gari duk ya ji, an zo maka jaje. Wannan kuwa tsufa yake jawo wa dabba tun tana kan ganiyarta, asarar ta riƙa zuba kaɗan-kaɗan ta wurare da yawa har mai ita ya kasa nuna inda ta shiga.

Mu yi lissafi da tunkiya ɗaya. Tana ɗaukar ciki wata biyar. In tana samun abinci za ta fara haihuwa tana da shekara ɗaya da 'yan watanni, ta riƙa yi duk bayan wata takwas ko tara, ta kai shekara bakwai ko takwas kafin baki ya gaza. Haihuwa takwas zuwa goma ke nan, kuma tagwaye sun fi zuwa a tsakiyar shekarunta, ba a haihuwar fari ba. In bakin ya mutu a shekara huɗu, haihuwa huɗu ko biyar ka samu. Ka ɗauki wahalar renonta lokacin da take ci ba ta bayarwa, sai ka rasa ta daidai lokacin da za ta fara biyanka. Kuma dole ka riƙa ajiye 'ya'ya mata ninki biyu don maye gurbi, waɗanda da kasuwa za su tafi su zama kuɗin taki ko na makaranta. Garke na nan da yawansa a ido, amma ya daina fitar da rara.

Sai abinci. Dabbar da ba ta iya niƙa abin da ta ci tana ɓarnar harawar da ka saya da tsada a watan Maris da Afrilu, wani ya zube ƙasa, wanda ta haɗiye ya wuce ba a narke ba. Ramammiyar uwa ba ta neman rago da wuri, tazarar haihuwa ta tashi daga wata takwas ta koma shekara. Ta haifi ɗa ƙarami, nono ya yi kaɗan, ɗan ya mutu a makon farko a ce sanyi ne ko zawo. Waɗannan mace-macen fulorayid ne ya jawo su, amma ba wanda ke rubuta su da sunansa.

Sai kara, wato kasuwar dabbobi. Ka san abin da dillali ke fara yi kafin ya yi tayi, bakin yake buɗewa. Tunkiya mai shekara uku da gogaggen baki kuɗin tsohuwa za a saye ta, rantsuwarka ba za ta canza abin da idonsa ya gani ba. Ragon layya kuwa ya fi ciwo, domin a cikin aibobi huɗu da hadisi ya ambata masu hana layya akwai gurguntakar da ta bayyana da ramar da ta tsotse dabba. Ragon da ka sa wa rai tun bara sai ya koma hannun mahauci da farashin nama. A kan duk wannan ka ɗora kuɗin allurai da magungunan tsutsa da ka yi ta saya shekara da shekaru. Kuma ka tuna da dabbobin maiɗakinka. A gidajenmu akuya ita ce asusun mace, ita ake kamawa ranar rashin lafiya ko kayan ɗakin 'ya. Akuyar da ta tsufa a shekara huɗu asusu ne mai yoyo.

Ko da yake mai yiwuwa awaki su fi tumaki sauƙi. Tunkiya na dasa baki a ƙasa tana haɗawa da turɓaya, akuya kuwa sama take miƙewa ta ci ganyen itace mai yawan kalsiyam, shanta ma bai kai na tunkiya ba. A Rajastan ta Indiya, inda ruwa ke da fulorayid sosai, an lura ciwon ya fi kama shanu da ɓauna fiye da ƙananan dabbobi masu cin ganye. Ka buɗe bakin awakinka ka kwatanta, ina tsammanin za ka ga bambanci.

Maganar magani, gaskiya ɗaya ce: haƙorin da ya lalace ba ya dawowa, babu allura ko jiƙon da zai mayar da shi, duk wanda ya ce zai sayar maka da shi kuɗinka zai ci. Ƙashi ne ke da ɗan sassauci. In aka yanke hanyar gubar, ɗingishi da taurin jiki kan ragu cikin watanni yayin da jiki ke fitar da ita a hankali.

Abin yi na farko gwaji ne. Ka sami gorar roba mai tsabta, ba kwalba ba, ka bar famfon ya zuba na 'yan mintoci, ka ɗauraye gorar da ruwan sau uku, ka cika ta ka rubuta suna. Ka yi wa kowane ruwa da ke kusa da kai haka: rijiyar burtsatse, rijiyar hannu, tafki, da ruwan kwami na yamma. Ƙarshen rani ya fi dacewa. Ka kai ɗakin gwajin ruwa na hukumar samar da ruwan karkara ta jiha ko sashen kimiyya na jami'a, ka faɗa musu ƙarara fulorayid kake so a auna, don ba kowane gwaji ke haɗawa da shi ba. Likitan dabbobi na iya ɗaukar fitsari, ko guntun haƙarƙari ko muƙamuƙin wadda aka yanka, ya tura ɗakin bincike. Ƙashin dabba mai lafiya ba ya cika wuce miligiram 1,000 da 'yan kai a kilo, mai wannan ciwo kan haura 3,000. Sau da yawa rijiyoyi biyu a gari ɗaya sukan bambanta ƙwarai, kana iya samun mafita a tafiyar minti goma.

In ruwa mai kyau ya yi kaɗan, kada ka raba shi daidai. Ka ba waɗanda haƙoransu ke kan ginuwa, wato matan da za ka ajiye don haihuwa, daga yaye har bakinsu ya cika, sai masu ciki da masu shayarwa in ya ragu. Manyan da bakinsu ya cika da ragunan da za su tafi kasuwa cikin 'yan watanni su sha na burtsatse. Ruwan sama ba shi da fulorayid, kuma lissafinsa mai daɗi ne: kowane milimita ɗaya da ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya na kwano lita ɗaya ce. Rufin da ya kai murabba'in mita 50 a daminar milimita 800 ya tara lita 40,000 kafin a cire wanda ya zube. 'Yan tumaki goma masu shan lita 3 a yini na kwana 200 lita 6,000 suke buƙata. Ka ga matsalar ta tanki ce, ba ta ruwa ba. Ko gauraya ruwan sama da na rijiya rabi da rabi ya raba gubar biyu. Tafasawa kuwa ba ta cire shi, ƙara shi take yi. Akwai hanyar alif da farar ƙasa da aka ƙirƙiro a Indiya, ana kiranta Nalgonda, akwai kuma tacewa da gawayin ƙashi da ake yi a Nakuru ta Kenya. Duka suna aiki, amma suna son awo da kulawa, ni na fi ganin dacewarsu ga ruwan shan gida fiye da na garke. Kwami kuma a zubar da ragowar jiya a wanke, kada a riƙa ƙari a kai, a yi masa inuwa.

A abinci ka yawaita harawar wake da ta gyaɗa da 'ya'yan gawo da ganyen itatuwa, kalsiyam ɗinsu na ɗaure wani kaso na fulorayid a hanji ya fita da kashi. A zuba a mazubi, ba a ƙasa ba. Rage illa wannan ke yi, ba ya maye gurbin canza ruwa.

Batun sayarwa, ban ba ka shawarar ka zubar da garken ba. Ka tace shi. Duk wadda turamenta suka lalace tana zubar da tuƙa, ka ɗaure ta wata biyu a kan jiƙaƙƙiyar dusa da ƙowa da yankakkiyar harawa, ta yi nama ka sayar da kaka kafin rani ya kama ta, ka kuma faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke bakinta. Mai tabo kawai wadda ke ci tana ƙoshi ka bar ta, ba gado ba ne, 'ya'yanta za su fito lafiya in sun sami ruwa mai kyau. In gwaji ya nuna babu ruwa mai kyau ko ɗaya a kusa, to ka juya sana'ar: ka rage kiwon haihuwa, ka riƙa sayo manyan raguna daga wani yanki kana turka su wata uku ko huɗu, don wannan ɗan lokaci bai isa ya yi musu illa ba. In za ka sayi uwaye, ka sayi waɗanda bakinsu ya cika a wani wuri.

Nama da nonon waɗannan dabbobi ba su da haɗari, fulorayid ɗin a ƙashi yake taruwa, sai dai kada a niƙa ƙashinsu a mayar cikin abincin dabbobi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ka ce rijiyar ta unguwa ce. Ɗan Adam bai kai tunkiya juriya ba, kuma yaro ƙasa da shekara takwas yana daidai matsayin ɗan tunkiyar nan, haƙoransa da ƙashinsa na kan ginuwa. A Tibirin Gobir kusa da Maraɗi, rijiya mai zurfi da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 ta shafi dubban yara, ɗaruruwa ƙafafunsu suka lanƙwashe, kuma an ɗauki shekaru kafin a gane daga ruwa ne. Bayan ka gama duba bakin tumakin gobe, ka kira yaran gidan da suka taso da ruwan rijiyar nan, musamman waɗanda suka fara famfara, ka duba nasu a hasken rana. Sakamakon gwajin kuma in ya fito kada ka ajiye shi a aljihu, ka kai wa mai unguwa da ma'aikacin asibitin garinku, kuma kafin ya fito a fara ɗebo wa ƙananan yara ruwan sha da na girki daga wata rijiyar.